Abin da ke Bayan Madubi: Tarihin Kalmar Azogue da 'Yar'uwarta Zaiba

Babu ɗakin amarya a cikin birnin Kano da za a ce an gama jerensa alhali babu madubi. Haka shagon mai aski, da na tela, da rumfar mai sayar da huluna a Kasuwar Kurmi, kowa da nasa a rataye. Sai dai duk wannan sabo bai sa muna juya shi mu dubi bayansa ba, ga shi kuwa a can aikin yake. Gilashi zalla ba ya nuna fuska sai dishi-dishi, domin hasken da ya faɗa masa ratsa shi yake yi ya wuce. Abin da ke dawowa daga fuskar gilashin kimanin kashi 4 ne cikin 100. Siririn shafen ƙarfen da ke bayansa shi ne yake tare hasken ya mayar da shi ga ido. Mutanen Sifen suna kiran wannan shafe *azogue*. Iyayenmu da kakanninmu kuwa suna ce masa zaiba. Abin da nake so in nuna a wannan maƙala shi ne cewa kalmomin nan biyu 'yan gida ɗaya ne da tafiya ta raba, kuma wanda ya bi sawunsu zai ratsa ramukan haƙar ma'adinai, da ayarin raƙuma, da cututtukan ma'aikata, kafin ya dawo kan wata matsala da ke cikin gidajenmu a yau.

Kalmar da ma'anoninta

A yawancin ƙasashen Latin Amurka ana furta *azogue* kamar “asoge”. A tsakiya da arewacin Sifen kuwa harafin *z* yana fita ne kamar *tha* ta Larabci, harafin *u* kuma ba a furta shi ko'ina. Suna ne na namiji, shi ya sa ake cewa *el azogue*. Ma'anarsa ta asali ita ce ƙarfen nan mai ruwa-ruwa, mai ƙyalli kamar azurfa, wanda ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 39 ƙasa da sifiri, wanda kuma ya ninka ruwa nauyi sau 13 da rabi. Masana kimiyya a Sifen sun koma kiransa *mercurio*, amma tsohuwar kalmar ta zauna daram a bakin masu haƙar ma'adinai, da marubuta adabi, da masu sana'ar madubi.

Daga wannan suna aka samo fi'ilin *azogar*, wato a shafa wa gilashi ƙarfe a baya don ya zama madubi. Gilashin da aka yi wa haka shi ne *azogado*. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya ana cewa *es un azogue*, ma'ana shi kansa zaiba ne, domin ɗigon zaiba idan ya faɗi ƙasa tarwatsewa yake yi, kowane ƙwaro ya kama gabansa, ba ya kamuwa da yatsa. Akwai kuma wata magana mai nauyi, *temblar como un azogado*, wato yin makyarkyata kamar wanda zaiba ta shiga jikinsa. Zan dawo kanta, don ita ce ta riƙe ɓangaren tarihin da ba a cika son tunawa da shi ba.

Ƙamusun Sifaniyanci suna kawo wata *azogue* ta biyu, mai rubutu ɗaya da ta farko amma tushensu daban. Ita wannan tana nufin dandalin ciniki na gari, kuma daga *as-suƙ* ta Larabci ta fito. Har gobe dandalin da ke gindin tsohuwar gadar ruwan Romawa a birnin Segovia sunansa Azoguejo, wato ƙaramar kasuwa. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna cewa kalmarmu ta kasuwa ta shigo Hausa ne daga *kasugu* ta Barebari, ita kuma daga *suƙ* ɗin nan ta Larabci. Ashe kalma guda ta Sifaniyanci tana da dangi biyu a Hausa: zaiba da kasuwa.

Tushe ɗaya, hanya biyu

Asalin kalmar daga Farisa yake. A tsohon Farisanci ana kiran wannan ƙarfe *ziwag*, daga saiwar da ke nufin rai, domin motsinsa kamar na abu mai rai ne. Romawa ma sun yi irin wannan tunani, suka kira shi da abin da ke nufin azurfa mai rai. Larabawa sun ari kalmar Farisa ta zauna musu da siga biyu, *zi'baƙ* da *za'uƙ*. Siga ta biyu ce ta bi Musulmi zuwa Andalus, inda suka yi mulki tun daga shekarar 711 har zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492. A bakin mutanen Andalus ta zama *az-zauƙ*, daga nan ta shiga Sifaniyanci a matsayin *azogue*. Siga ta farko kuma ta tsallako Sahara, Bahaushe ya yar da baƙin ƙarshe kamar yadda ya saba, ta zama zaiba.

Duk wanda ya yi makarantar Islamiyya zai gane dalilin *az* ɗin da ke farkon kalmar Sifen. *Zayun* yana cikin haruffan shamsiyya, saboda haka *lamun* na *al* narkewa yake yi a cikinsa. Hausa ma ta yi irin wannan aro da *al* ɗinsa a manne: alƙali, albasa, allura, asuba, azahar. Harsunan biyu ba su taɓa zama maƙwabta ba, amma rijiya ɗaya suka sha. Alƙalinmu shi ne *alcalde* nasu, ko da yake a can ya koma magajin gari. Almiski shi ne *almizcle*, sukari shi ne *azúcar*. Unguwar Alfindiki da ke cikin ganuwar Kano ta samo sunanta daga *al-funduƙ*, masaukin fatake, kuma daga wannan kalma Sifen ta samu *alhóndiga*, gidan ajiye hatsi da sayar da shi.

Akwai wani abin lura a nan. Shi madubi kansa babu wanda ya ari sunansa. Bahaushe ya ɗauki fi'ilinsa na duba ya gina suna a kan tsarin mabuɗi da magirbi da ma'auni. Balarabe ya gina *mir'at* daga *ra'a*, wato gani. *Espejo* ta Sifaniyanci ta fito daga *speculum* ta Latin, ita ma daga fi'ilin dubawa. A Kyuba ana kiran tabarau *espejuelos*, ƙananan madubai, kamar yadda mu ma muke cewa madubin ido. Kowace al'umma ta iya raɗa wa abin da take gani suna da bakinta. Amma sinadarin da ke ɓoye a baya, wanda sai ɗan kasuwa da mai sana'a suka san shi, da sunansa na baƙunta ya yi ta yawo daga Farisa har Kano.

Daga ramin Almaden zuwa teburin Murano

Ba banza ba ne kalmar ta yi saiwa a Sifen. Garin Almaden, a lardin Ciudad Real, shi ne ma'adinin zaiba mafi girma da duniya ta taɓa sani. Sunansa ma Larabci ne, *al-ma'din*. Tun zamanin Romawa ake haƙo wani jan dutse a wurin, wanda yake haɗin zaiba ne da farar wuta. Idan aka gasa dutsen sai zaibar ta tashi tururi, a sanyaya tururin ya koma ruwan ƙarfe. An ƙiyasta cewa kimanin tan 250,000 aka fitar daga wurin kafin a daina haƙa a farkon wannan ƙarni. A 2012 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da takwaransa na Idrija da ke Silobeniya.

Marubutan tarihin Andalus sun ruwaito cewa a fadar Madinatuz Zahra, wadda Halifa Abdurrahman na Uku ya fara ginawa kusa da Ƙurɗuba a 936, akwai wani kwarmi cike da zaiba a tsakiyar zauren baƙi. Idan rana ta faɗa masa aka motsa shi, sai haske ya riƙa walƙiya a bango har baƙo ya ruɗe. Wannan kuwa wasa ne da ƙa'idar da Ibnul Haisam ya zurfafa bincike a kanta a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, cikin littafinsa *Kitabul Manazir*: haske daga abin da ake kallo yake zuwa ido, kuma idan ya bugi shafaffen abu yana komawa ne a kan kusurwa daidai da wadda ya sauka a kai. Madubin zamaninsa gogaggen ƙarfe ne, mai saurin dusashewa, mai bukatar guga kullum.

A ƙarni na 16 masu aikin gilashi na tsibirin Murano a Benis suka ƙware a wata dabara da ta sauya sana'ar. Sai a shimfiɗa fallen kuza mai siriri a kan teburin dutse, a goge shi ya kwanta, a kwarara masa zaiba. Daga nan a turo tsabtataccen gilashi a hankali ta gefe don kada iska ta maƙale a tsakani, a ɗora masa nauyi, a ɗan jirkita teburin, rarar zaibar ta yi ta tsiyaya har tsawon makonni. Abin da ya rage shi ne haɗin kuza da zaiba manne da gilashi, mai nuna fuska sarai. Hukumar Benis ta tsare wannan sirri har ta hana masu sana'ar fita ƙasar, amma a 1665 Faransa ta kafa nata kamfanin ta janyo wasu daga cikinsu. Madubai 357 da ke babban zauren fadar Versailles da wannan dabara aka yi su.

Zaibar Almaden ta yi wani aikin da ya fi na madubi kawo kuɗi. Wajen 1554 wani mutum mai suna Bartolomé de Medina ya gano yadda za a cire azurfa daga niƙaƙƙen dutse ta hanyar cuɗa shi da zaiba a garin Pachuca na Meziko. Daga nan jiragen ruwa suka riƙa jigilarta zuwa nahiyar Amurka, har su jiragen aka laƙaba musu *los azogues*, masu matatun azurfa na Potosí kuma aka kira su *azogueros*.

Madubi a Kasuwar Kurmi

A daidai lokacin da mulkin Musulmi yake ƙarewa a Andalus, Kano tana ƙarƙashin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya zo daga arewacin Afirka ya zauna a birnin. Tun daga nan hulɗar Kano da arewacin Sahara ta ƙara ƙarfi, kaya suna zuwa, littattafai suna zuwa, kalmomi ma suna biye da su.

Shaida mafi bayani game da madubi a kasuwar ta zo daga Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, wanda ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851 a zamanin Sarki Usman. Ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, adadin da yake cewa yakan kai ninki biyu a lokacin hada-hadar fatauci. Cikin kayan Turai da ya lissafa a kasuwa akwai yadin Manchester, da duwatsun ado na Benis, da takarda mai tambarin wata uku, da ruwan takobi na Solingen, sannan madubai da allurai da ƙananan kaya daga Nuremberg. Wannan kaya ta tashar Tarabulus yake sauka. Fataken Gadamas su ɗora shi a raƙuma su bi ta Gat, su ratsa Azbin da Damagaram, tafiyar watanni, kafin a sauke shi a gidajen Larabawan da ke zaune a unguwanni irin su Dandalin Turawa.

Cibiyar yin madubi a wancan yanki na Jamus ita ce garin Fürth, maƙwabcin Nuremberg, kuma har tsakiyar ƙarni na 19 da kuza da zaiba ake shafa shi. Almaden da Idrija su ne manyan masu ba Turai zaiba a lokacin. Ke nan ɗan madubin da matar Kano ta riƙe tana zizara kwalli a shekarar da Barth ya zo, ya haɗa aikin mai haƙa a ƙarƙashin ƙasa, da na mai shafe a Bavariya, da na ɗan ayari a hamada. Barth ya kuma rubuta cewa dalar Sifen ko ta Ostiriya guda tana daidai da wuri 2,500 a Kano. Ita wannan dala ta Sifen, yawancin azurfarta da zaiba aka tace ta a Meziko da Peru. Ta hanya biyu ke nan *azogue* ta taɓa Kasuwar Kurmi: a bayan madubin da ake sayarwa, da cikin tarihin kuɗin da manyan fatake suke lissafi da shi.

Ayarin Sahara ya fara ja baya a ƙarshen ƙarni na 19. Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, kaya suka koma zuwa ta Ikko. Madubi ya girma, ya yi araha, ya tashi daga tafin hannu ya hau bango da ƙofar kabad.

Masu makyarkyata

Yanzu sai in koma kan maganar nan ta *temblar como un azogado*. Zaiba tana tashi tururi ko da ba a ɗora ta a wuta ba, tururin kuma ba shi da launi ba shi da wari. Wanda ya daɗe yana shaƙarsa dasashinsa yakan kumbura, haƙora su zube, yawu ya yi ta dalala, hannu ya kama rawa har ya kasa kai loma baki, ga saurin fushi da mantuwa. Daga 1525 zuwa 1645 ma'adinin Almaden yana hannun attajiran gidan Fugger na Jamus, kuma da ma'aikata suka yi ƙaranci sai aka riƙa kawo fursunoni da bayi. A 1593 aka aiki marubuci Mateo Alemán ya binciki halin da suke ciki, rahotonsa kuma yana cike da bayanin mutanen da zaiba ta nakasa. Daga irin waɗannan mutane karin maganar ta samo asali.

Masu yin madubi ma ba su tsira ba. Likitan Italiya Bernardino Ramazzini, cikin littafinsa na cututtukan masu sana'a da ya fito a 1700, ya yi bayanin ciwon masu madubin Benis. A 1861 likita Adolf Kussmaul ya wallafa bincike kan gubar zaiba, wanda ya gina a kan abin da ya gani a jikin ma'aikatan madubi na yankin Fürth, wato shekaru goma kacal bayan Barth ya ga kayan yankin a Kurmi. Mafita ta zo daga kimiyya. A 1835 Justus von Liebig ya nuna yadda za a kwantar da azurfa a kan gilashi ba tare da zaiba ba, kuma zuwa ƙarshen ƙarnin sabuwar hanyar ta ture tsohuwar. Madubin da ke ɗakunanmu yanzu azurfa ce ko alminiyam a bayansa. Duk da haka mutumin Sifen yana nan yana cewa *azogue*, Bahaushe kuma idan madubinsa ya tsufa ya yi dabbare-dabbare yakan ce zaibarsa ta goge. Sinadarin ya tafi, sunan ya zauna gadi.

Zaiba ta dawo ta gaba

Da a ce tarihin a nan ya tsaya, da sai mu ce ya wuce. Amma zaiba ta bar bayan madubi ta zagayo ta gabansa, ta hau fuskar mai dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗi cewa ana zuba gishirin zaiba a wasu mayuka da sabulan bilicin, domin yana hana fata yin sinadarin da ke ba ta launi. Yana ratsa fata ya taru a ƙoda, yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, yana kuma iya kai wa ga ɗan tayi da jaririn da ke shan nono. Mazauna ɗaki ɗaya da mai shafawa ma suna iya samun rabonsu ta tawul da zanen gado. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'ummar Najeriya.

Hanya ta biyu ita ce haƙar zinare. Dabarar da Medina ya yi amfani da ita a kan azurfa ita ce ƙananan masu haƙa suke bi a yau a sassan Zamfara da Neja da Kebbi: a cuɗa niƙaƙƙen dutse da zaiba ta kama zinaren, a ƙona dunƙulen, zaibar ta tashi ta bar zinare. Tururin kuwa a hancin mai ƙonawa da na yaran da ke kusa yake ƙarewa, sauran ya gangara rafi ya shiga jikin kifi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa wannan sana'a ce ke da fiye da kashi ɗaya bisa uku na zaibar da ɗan Adam yake saki a iska. Saboda irin wannan haɗari ƙasashe suka ƙulla Yarjejeniyar Minamata a 2013, wadda aka raɗa wa sunan garin Japan da aka gano mummunar cutar zaiba a 1956. Ta fara aiki a 2017, Najeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018.

A nan nake ganin harshe yana da aikin yi. Idan aka saurari gargaɗin lafiya a rediyo ko aka karanta shi a jarida, galibi da sunan Ingilishi ake ambaton wannan guba, sai mai sauraro ya ɗauka wani baƙon sinadari ne na ɗakin gwaji da bai shafe shi ba. Alhali Hausa tana da sunansa tun kafin zuwan Turawa, har ya shiga ƙamusun Bargery na 1934. Tsohuwar da aka gaya wa cewa a cikin man da jikarta take shafawa akwai zaiba, irin wadda ake shafa wa bayan madubi a da, ba ta bukatar dogon sharhi kafin ta tsawata. Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafi ba ya shiga kunne sai da kalmar da kunnen ya sani.

Kammalawa

Sifaniyanci ya adana wahalar ma'aikatan Almaden a cikin karin magana, ta yadda duk wanda ya furta ta yana maimaita gargaɗi ko da bai san tarihinta ba. Mu namu rabon a wancan ciniki shi ne kayan da aka gama, ciwon ya tsaya a can nesa, shi ya sa zaiba a Hausa ta zama kalmar ado da ƙyalli kawai. Yanzu da ciwon ya iso ƙofar gida, ya kamata malaman kimiyya a makarantun sakandare, da masu fassara labarai, da ma'aikatan lafiya su ɗauko wannan tsohuwar kalma su ɗora mata ma'anarta ta biyu. Kalmar da ta taso daga Farisa, ta ratsa ƙasashen Larabawa, ta tsallake Sahara ta zauna a Kano, ba za ta kasa ɗaukar wannan ɗan kaya ba.